Littattafan da Oracle Bai Saya Ba

Duk wanda ya taɓa ɗora manhajar ofis ta kyauta a kwamfutarsa, sannan ya nemi littafin da zai koya masa aiki da ita, ya san ruɗanin da ke biyo baya. Da ya rubuta sunan manhajar a injin bincike, sai sunaye uku ko huɗu su zubo masa: OpenOffice.org, Apache OpenOffice, LibreOffice, wani lokaci har da StarOffice. Ya ƙona datarsa ya sauke littafi mai shafi sama da 400, ya buɗe, ya tarar hotunan da ke ciki ba su yi daidai da abin da ke kan allonsa ba. Ya duba shekarar bugu, ya ga 2010. Ya koma ya sauke wani, sai ya zamana na wata manhaja ce da ta yi kama da tasa kamar an tsaga kara, amma ba ita ba ce.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ruɗani gado ne na shekara 40 na saye da sayarwa, da rabuwar kai, da gardama kan lasisi. A cikin tarihin kuma akwai wani ɓangare da ba a cika ba da labarinsa ba. Lokacin da aikin ya tsage gida biyu a 2010, kamfanin Oracle ne ke riƙe da sunan manhajar, da haƙƙin mallakar tushen rubutunta, da rumbunan da ake ajiye ta a intanet. Littattafan jagora mafi amfani kuwa ba su cikin kayan da ya saya. Wasu 'yan sa-kai ne suka rubuta su, suka kuma tsara lasisinsu tun shekaru kafin nan ta yadda babu wanda zai iya kulle su a ɗakinsa.

Daga Lüneburg zuwa Kalifoniya

A 1985 wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Marco Börries ya kafa kamfanin Star Division a garin Lüneburg na arewacin Jamus. Hajarsa ta farko manhajar rubutu ce, StarWriter. Kamfanin ya koma Hamburg, manhajar ta girma ta zama StarOffice, wato tarin manhajojin ofis a ƙunshi ɗaya: ta rubutu, ta jadawalin lissafi, ta gabatar da jawabi a allo, ta zane. A Jamus ta samu kasuwa sosai, a lokacin da Microsoft Office ke cinye kusan ko'ina.

A wancan zamani ba a neman littafin jagora, domin shi ke zuwa ya sami mutum. Manhaja kaya ce da ake saya a kwali, a cikin kwalin akwai fayafayai da littafi mai kauri, wani lokaci littattafai biyu ko uku. Kamfani yana da ma'aikata da yake biya albashi don su rubuta shi, kuɗin littafin kuma yana cikin farashin kwalin. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya mallaki littafin, tunda amsar a fili take.

A watan Agusta na 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya sayi Star Division. Ana yawan ba da labarin cewa Sun ya yi lissafi ya ga sayen kamfanin sukutum ya fi masa araha a kan sayen lasisin Microsoft Office ga dubban ma'aikatansa. Ko ma mene ne nauyin wannan dalili, abin da ya biyo baya ya fi shi muhimmanci. A watan Yulin 2000 Sun ya sanar da cewa zai saki tushen rubutun manhajar, ranar 13 ga Oktoba kuma ya cika alkawari. Aka raɗa wa aikin suna OpenOffice.org. Wutsiyar nan ta ".org" ba ado ba ce: wasu kamfanoni sun riga sun yi rajistar sunan "Open Office" a wasu ƙasashe, dole ta sa aka maƙala ta. Siga ta 1.0 ta fito a farkon watan Mayun 2002.

Sun ya ci gaba da sayar da StarOffice a gefe, a kan tushe ɗaya da ta kyautar. Siga ta 6.0 ta shiga kasuwa a 2002 a kan kimanin dala 76. Abin da mai saye ke biya shi ne ƙarin kaya: nau'o'in haruffa, samfuran takardu, manhajar adana bayanai, taimakon kamfani idan an samu matsala, da littafi. Wanda ya sauke ta kyauta yana da taimakon da ke cikin manhajar, wanda ake buɗewa da maɓallin F1. Wannan taimako ƙamus ne, yana faɗin aikin kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ba ya kama hannun sabon shiga ya nuna masa yadda ake tsara rahoto mai babi 10, da jerin abubuwan da ke ciki, da lambobin shafi da ke farawa bayan gabatarwa.

Masu buga littattafai sun hango kasuwa. Solveig Haugland ta fito da littattafai a kan StarOffice da OpenOffice.org a kamfanin Prentice Hall. A 2004 Andrew Pitonyak ya buga littafinsa kan rubuta ƙananan umarnin da ke sa manhajar ta yi aiki da kanta, wanda daga baya ya sake shi kyauta a intanet. A shekarar ce kuma O'Reilly ya buga littafin Jean Hollis Weber a kan Writer. Littattafai ne masu kyau, amma na kuɗi ne, kuma ga mai zaune nesa da Turai da Amurka kuɗin aiko su na iya zarce kuɗin littafin. Manhaja ta isa ko'ina a kyauta, ilimin aiki da ita ya tsaya a kantin littattafai.

Gardamar da ta girmi OpenOffice

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga masu fafutukar manhaja mai 'yanci. Tun a shekarun 1990 Richard Stallman, wanda ya kafa shirin GNU, ya rubuta maƙala yana cewa babban giɓin da ke cikin manhajoji masu 'yanci shi ne rashin littattafan jagora masu 'yanci. Ya kawo misali da harshen shirye-shirye na Perl, wanda littattafansa masu inganci mallakar masu bugawa ne. Hujjarsa ba ta farashi ba ce, don bai hana a sayar da littafi ba. Cewa ya yi idan an ba mutum izinin sauya manhaja amma aka hana shi sauya littafinta, to duk ranar da ya yi gyara littafin ya zama maƙaryaci, kuma ba shi da ikon daidaita shi.

Daga wannan tunani aka haifi lasisin GFDL a shekarar 2000, don littattafai musamman. Lasisin ya zo da nasa rikicin, saboda ya yarda marubuci ya keɓe wasu sassa da ba za a taɓa ba. A 2006 masu tafiyar da Debian suka kaɗa ƙuri'a cewa littafin da ke ɗauke da irin waɗannan sassa bai cika sharaɗin 'yanci ba. Wikipedia ma, da ta fara da GFDL, ta koma lasisin Creative Commons a 2009. Su lasisan Creative Commons sun fara fitowa ne a watan Disambar 2002, watanni kaɗan bayan OpenOffice.org 1.0.

Sun bai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya tsara nasa, Public Documentation License, wanda ake taƙaitawa da PDL, shi ne kuma lasisin sashen rubuce-rubuce na aikin a hukumance. Lasisi ne da ya ba da izinin kwafa da sauyawa, amma da sharaɗin a riƙa rubuta bayanin duk sauyin da aka yi. A kan tushen rubutun manhaja wannan abu ne mai sauƙi, na'ura ce ke riƙe lissafin. A kan babin littafi da mutum shida suka bi suna gyara waƙafi da sake jimla, nauyi ne da ba kowa zai ɗauka don Allah ba.

Akwai kuma abin da ya fi lasisi zafi. Duk wanda ke son gyaransa ya shiga tushen rubutun OpenOffice.org sai ya sa hannu a takardar da ta ba Sun haƙƙin mallaka tare da shi. Ma'anar haka ita ce kamfanin shi kaɗai ne ke da iko a kan dukkan rubutun, yana iya sauya masa lasisi ko ya sayar da shi ba tare da neman izinin kowa ba. Masu shirya manhaja da dama ba su ji daɗin wannan ba. A 2007 wani ma'aikacin Novell, Kohei Yoshida, ya ƙi miƙa haƙƙin wani sashe da ya rubuta wa Calc, Sun kuma ya ƙi karɓar sashen ba tare da takardar ba. Rikicin ya taimaka wajen fitowar Go-oo, sigar da ta tara gyare-gyaren da Sun bai karɓa ba, wadda manyan rassan Linux suka riƙa rabawa.

'Yan sa-kai sun kafa nasu zaure

Marubuta sun riga masu shirya manhaja ɗaukar mataki. Kafin fitowar siga ta 2.0 a watan Oktoban 2005, wata ƙungiya ta 'yan sa-kai mai suna OOoAuthors ta riga ta kafa nata gidan a intanet, a wajen rumbunan Sun. Ba su yi shelar tawaye ba, sun ci gaba da ɗaukar kansu a matsayin 'yan gidan OpenOffice.org. Abin da suka yi kawai shi ne zaɓen lasisi. Kowane babi da suka rubuta ya fito a ƙarƙashin lasisi biyu, mai karɓa ya ɗauki wanda ya ga dama: GPL, wanda aka saba da shi a manhajoji, ko lasisin Creative Commons mai sharaɗi ɗaya tak, a ambaci sunayen marubuta. Haƙƙin mallaka ya zauna a hannun waɗanda suka yi rubutun, kowa da nasa kason.

Jean Hollis Weber, ƙwararriyar edita ta rubutun kimiyya da fasaha da ke zaune a Ostireliya, ita ce ta zama ginshiƙin wannan aiki tsawon shekaru. Ta kawo abin da ayyukan sa-kai suka fi rasawa, wato tarbiyyar gidan buga littafi. Akwai samfurin babi guda da kowa zai bi. Akwai ƙa'idar salon rubutu. Wani ya rubuta, wani ya gwada kowane mataki a kan manhajar ya tabbatar haka yake, wani ya tace harshen, sannan a saki. Daga wannan tsari aka samu jerin littattafan da har yau ake amfani da tsatsonsu: Getting Started na masu farawa, sai na Writer, Calc, Impress, Draw da Math.

Yadda aka raba littattafan shi ma yana da tarihi. An rubuta su a cikin Writer kanta, don haka kowane littafi shaida ne cewa manhajar na iya ɗaukar aiki mai ɗaruruwan shafuka. Tun siga ta 1.1 a 2003 OpenOffice.org ke iya fitar da takarda a tsarin PDF da danna maɓalli ɗaya, shekaru kafin Microsoft Office ya samu wannan a 2007, kuma a farko ma sai an sauke ƙari. Saboda haka kowane babi yana fitowa a kama biyu: PDF na karatu, da fayil ɗin Writer na wanda ke son gyara ko fassara. Ana sakin babi da zarar ya kammala, ba a jiran littafin ya cika. A zamanin da yawancin mutane ke shiga intanet ta layin tarho, iya sauke babi ɗaya kan haɗa wasiƙu da jerin adireshi, a bar sauran, ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ga wanda ke sayen data da awo kuma wutar lantarki ke masa zuwa da tafiya, wannan hikima ba ta tsufa ba.

Ga masu son takarda a hannu, wata ƙungiyar sa-kai a Ostireliya, Friends of OpenDocument, ta ɗauki nauyin buga littattafan ta hanyar Lulu, inda ba a buga kwafi sai an yi odarsa. Ribar da aka samu tana komawa hidimar aikin.

Ba a rasa tsamin dangantaka da sashen hukuma ba. An daɗe ana ja-in-ja kan ko littattafan da ba su ɗauke da PDL za su iya zama a gidan OpenOffice.org, har aka yi zamanin da mai nema ke tarar da jagora iri biyu na siga ɗaya, daga hannu biyu. A ƙarshe ingancin aiki ya yi rinjaye: littattafan OOoAuthors suka zama su ne ake nuna wa mutane, Weber kuma ta shiga cikin shugabannin sashen rubuce-rubuce na hukuma. Amma lasisin bai sauya ba, kuma a nan ne duk abin da ya biyo baya ya rataya.

Yawan masu amfani ya sa al'amarin ya wuce wasa. Rundunar jandarmomin Faransa ta koma OpenOffice.org a 2005, hukumar birnin Munich na kan hanyarta ta barin Microsoft, tsarin fayil na OpenDocument ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO a 2006. Siga ta 3.0 ta fito a Oktoban 2008, cikin kimanin shekara guda aka sauke jerin sigogin 3 sau miliyan 100 daga gidan aikin. Duk ma'aikatar da ta sauya manhaja, babban kuɗin da take kashewa na horar da ma'aikata ne, kuma littafin da za a iya kwafa, a yanke, a fassara, a sa masa tambarin ma'aikata ba tare da neman izini ba yana rage wannan kuɗi ƙwarai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a shekarun nan ne wasu shafuka na 'yan damfara, musamman a Jamus, suka riƙa kama masu neman inda za su sauke manhajar, suna sa su rajista, daga baya takardar bashi ta biyo su a kan abin da yake kyauta.

Shekarar rabuwa

A watan Janairun 2010 Oracle ya kammala sayen Sun a kan kimanin dala biliyan 7.4. OpenOffice.org ƙaramin kaya ne a cikin cinikin, Java da manyan na'urori Oracle ke so. Watanni suka wuce ba a ji wani tsayayyen shiri ba, sai ga yadda kamfanin ya rufe ƙofar OpenSolaris, wani aikin buɗaɗɗen tushe da ya gada daga Sun. Ranar 28 ga Satumban 2010 wasu jiga-jigan al'ummar suka sanar da kafa The Document Foundation, da sabon suna na wucin gadi ga manhajar, LibreOffice. Sun gayyaci Oracle ya shigo ya kuma ba da sunan OpenOffice.org kyauta. Oracle ya ƙi, ya nemi waɗanda ke cikin sabuwar gidauniyar su sauka daga majalisar al'ummar aikin. Sunan wucin gadi ya zauna daram. LibreOffice 3.3 ta fito ranar 25 ga Janairun 2011, gidauniyar kuma ta samu rajista a Balin a watan Fabrairun 2012.

Tushen rubutun manhajar ya bi su ne saboda lasisin LGPL ya halatta kowa ya ɗauka ya ci gaba. Littattafai kuma sun bi su ta hanya mafi sauƙi. Aka ɗauki babobin OpenOffice.org 3.3, aka sauya suna, aka sake hotuna, aka gyara inda manhajojin biyu suka fara bambanta, cikin 2011 sabuwar manhaja ta samu littafin masu farawa, sauran suka biyo baya. Ƙungiyar marubutan ta sauya suna zuwa ODFAuthors, sunan da ba ya goyon kowane ɓangare, don ta iya yi wa duka biyun aiki. A aikace yawancin hannaye sun karkata ga LibreOffice, Weber kuma ta jagoranci sashen rubuce-rubucenta na shekarun farko.

A ɗaya ɓangaren labarin ya ɗauki wata hanya. A watan Afrilun 2011 Oracle ya ce ya daina kasuwancin manhajar, a watan Yuni ya miƙa ta ga gidauniyar Apache. Takardun miƙa haƙƙi da Sun ya tara shekara 10 su ne suka ba shi ikon sauya wa dukkan tushen rubutun lasisi zuwa na Apache a tashi ɗaya. Littattafan kuwa ba su da mai su guda da zai sa hannu. Ƙa'idar Apache ba ta yarda a saki kayan GPL da sunan gidauniyar ba, sauya lasisin littafi kuma yana bukatar yardar duk wanda ya taɓa rubuta sakin layi a ciki, mutanen da suka watsu a nahiyoyi, wasu an daina jin ɗuriyarsu. Garkuwar da ta hana Oracle kulle littattafan ita ce ta hana sabon gida ya mayar da su nasa cikin sauƙi. Apache OpenOffice 3.4 ta fito a Mayun 2012, 4.0 a 2013, 4.1 a 2014, amma shekaru da dama cikakken jerin littattafan da mai amfani da ita zai samu na zamanin siga ta 3 ne.

Nan ne asalin littafin 2010 da ke faɗowa mai bincike. Sunan OpenOffice ya fi shahara nesa ba kusa ba, shi mutane suka sani, shi suke rubutawa a injin bincike, alhali aikin ya koma wani gida. Tun 2014 Apache OpenOffice ba ta fitar da babbar sabuwar siga ba, sai ƙananan gyare-gyare a kan 4.1. A 2016 shugaban kwamitinta na lokacin, Dennis Hamilton, ya fito fili ya tayar da batun yiwuwar rufe aikin saboda ƙarancin masu shirya manhaja. A Oktoban 2020, cikar shekara 20 da sakin tushen rubutun, The Document Foundation ta rubuta wa Apache buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon a riƙa nuna wa masu zuwa hanyar LibreOffice. Ba a yi hakan ba.

Tseren da littafi ba ya ci

LibreOffice ta gaji littattafai, ta kuma ƙirƙiro wa kanta sabuwar wahala. Gidauniyar ta zaɓi fitar da babbar siga duk wata shida, a Fabrairu da Agusta. Ga masu shirya manhaja wannan tsari ne mai kyau. Ga marubuta kuwa gudu ne a bayan mota. Littafin Writer da na Calc kowanne ya haura shafi 400, cike da hotunan allo, kuma in an matsar da maɓalli ɗaya daga wannan jeri zuwa wancan sai an bi duk inda aka ambace shi. Shi ya sa lambobin littattafan ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa: a lokaci guda ana iya samun na Writer ya kamo sabuwar siga, na Draw ko Math yana baya da siga biyu ko uku. Mai karatu da bai san dalili ba sai ya ɗauka sakaci ne, alhali ƙidayar hannaye ce. A 2016 gidauniyar ta ɗauki Olivier Hallot, ɗan Barazil kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya zama mai kula da sashen, amma har yau 'yan sa-kai ne ke rubuta mafi yawan shafukan.

Base, manhajar adana bayanai da ta shigo tun siga ta 2.0, ita ta fi daɗewa ba ta da cikakken littafi. Da ya zo, daga Jamusanci ya zo: Robert Großkopf da abokan aikinsa suka rubuta shi a harshensu, sannan aka fassara shi zuwa Ingilishi. Ba shi ne karo na farko da asalin manhajar ya leƙo ba. Tushen rubutunta ya daɗe cike da bayanan da ma'aikatan Hamburg suka bari da Jamusanci, sai da 'yan sa-kai suka shafe shekaru suna fassara su layi-layi. Har yau kuma fayil ɗin da ke tayar da LibreOffice sunansa soffice, daga StarOffice.

Taimakon F1 shi ma ya sauya kama. Domin a rage nauyin abin saukewa, a Windows da Linux an raba shi da manhajar, ya zama ƙunshi na dabam. Wanda bai ɗora ƙunshin ba, in ya danna F1 sai manhajar ta tura shi intanet, abin da ba shi da amfani a ofishin da layin ya yanke. Mutane da yawa ba su san akwai wannan ƙunshi ba, ko da yake yana nan a shafin da ake sauke manhajar, kusa da babban maɓallin.

Ga mai nema a yau, hanyar ta fi da sauƙi in ya san tarihin. Ya fara duba sunan manhajarsa da lambar sigarta a jerin Help. In LibreOffice ce, a jerin akwai mashigar da ke kai shi kai tsaye ga littattafan, waɗanda ke documentation.libreoffice.org da books.libreoffice.org, a PDF, a fayil ɗin da ake iya gyarawa, wasu kuma a shafukan da ake karantawa a intanet. Lambar ma ta sauya tsari: bayan siga ta 7.6, wadda ta biyo a Fabrairun 2024 sunanta 24.2, wato shekara da wata. Littafin da ya gaza sigar mutum da ɗaya ko biyu ba abin yarwa ba ne. Babobin salon tsara rubutu, da samfura, da dabarun lissafi a Calc ba su cika sauyawa ba, wurin maɓallai ne ke yawo.

Batun harshe shi ne inda lasisin ya fi nuna amfaninsa. Ƙungiyoyin Barazil, da masu Sifaniyanci, da Faransanci, da Cek, da Holanci suna fassara littattafan ba tare da sun nemi izinin kowa ba. A Afirka, ƙoƙarin farko ya tafi ne ga fuskar manhajar: a ƙarshen 2004 wani shiri na Jami'ar Dar es Salaam da abokan aiki daga Suwidin ya fito da Jambo OpenOffice da Swahili, ƙungiyar Translate.org.za kuma ta fassara manhajar zuwa harsunan hukuma na Afirka ta Kudu. Fassara fuskar manhaja aikin ƙirƙirar kalmomi ne, a samo sunan kowane maɓalli. Fassara littafi aikin koyarwa ne, ya fi tsawo, kuma ba ya yiwuwa da kyau sai an daidaita kalmomin tukuna, tunda hotunan allo dole su dace da rubutun. Ta fuskar doka, babu abin da ya hana wata kwalejin ilimi a Kano ko Zinder ta ɗauki babin farko na Getting Started ta mayar da shi Hausa, ta buga, ta raba wa ɗalibai ko ma ta sayar.

Sharaɗin da za ta cika yana shafi na biyu na kowane littafi. A nan ake jera sunaye kashi biyu, waɗanda suka yi aikin wannan bugu da waɗanda suka yi na baya, jeri mai kama da silsilar malamai da ɗalibi ke karantowa kafin ya ce ga daga inda ya karɓo. Shekaru bayan rabuwa, littattafan LibreOffice sun ci gaba da ɗaukar layin da ke cewa an ɗauko su ne daga na OpenOffice.org 3.3, da sunayen marubutan wancan zamani. Mai fassara zai bar waɗannan sunaye yadda suke, ya ƙara nasa a ƙasa.